Yadda Za Ka Buɗe Gonar Gado Ga Baƙi Ba Tare Da Ta Daina Ciyar Da Gida Ba

Daga Dindima zuwa Alkaleri, daga Kumo zuwa Kaltungo, har can Dass da Toro, akwai gandaye da kakanni suka sare dajinsu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe a farkon shekarun 1960. Kukar da aka tarar tana nan, rijiyar da kaka ya haƙa tana nan, wani wurin ma har rumbun ƙasa bai faɗi ba. A cikin Bauchi da Gombe kuwa an tashi yaran da ba su taɓa ganin ana sussukar gero ba, kuma iyayensu na da halin biyan kuɗi a nuna musu. Ga kuma matafiya masu zuwa Yankari, waɗanda dole su bi ta Dindima, ga ɗaliban aikin gona da ke neman inda za su ga abin da ake karanta musu. Wanda ya haɗa tsohuwar gona da waɗannan mutane ya sami sana'a.

Sai dai kusan duk wanda tunanin ya zo masa, bulo da kwano yake fara saya. Ya gina ɗakuna shida, ya shafa fenti, sannan ya tuna ba ruwa a watan Maris, ba tumatir a lambu, kuma ƙanwar babansa ba ta yarda ba. A ganina ɗaki shi ne na kusa da ƙarshe. Baƙo gona ya zo gani, in masauki yake so otal ya fi naka. Don haka duk abin da zai rage noman don a faranta wa baƙo, asara ce ta fuska biyu.

Mataki na ɗaya: magada

Gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da shi kaɗai yake noma ta shekara da shekaru. Muddin hatsi kawai take bayarwa kowa na iya yin shiru. Ranar da aka ga motoci suna tsayawa a bakin danga, za a tuna da rabo. Saboda haka kafin ka sa ko tubali ɗaya, tara magada duka, maza da mata, har da goggonnin da ke aure a wani gari da 'ya'yan waɗanda suka rasu. Hanya biyu ce. Ko a raba gadon a gaban alƙali kowa ya san nasa, ka yi aikinka a rabonka, ko a bar gonar a haɗe a rubuta yarjejeniya: wa zai riƙe, kashi nawa na ribar baƙi zai shiga hannun kowa, wa ke da ginin da za a yi in an tashi rabuwa. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa, kuma shi ke kai 'yan'uwa kotu.

A sa hannu a gaban mai unguwa da dagaci. A zagaya iyaka da maƙwabtan gona ana gani da ido, a dasa aduwa ko bini-da-zugu ko a kafa duwatsu. In burtali ya ratsa ta gefen gonar, ka bar shi yadda yake, kada ka ci ko taku ɗaya. Sannan ka nemi takardar mallaka. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidarsa, takardar gwamna kuma ta ma'aikatar filaye ta jiha ake bi. Abin yana cin lokaci, shi ya sa ake fara shi da wuri a ci gaba da sauran aiki.

Mataki na biyu: tattara tarihin tun masu shi suna da rai

Ɗauki waya ka zauna da mafi tsufa a gidan, namiji ko mace, ka naɗi maganarsa. Kada ka ce “ba ni tarihi”, zai ce ba shi da shi. Tambaye shi abu guda guda. Baffa, wa ya haƙa rijiyar nan, da me aka biya shi? Dada, a farin 1973 me kuka ci? Lokacin da bushiya ta kashe shanu a 1983, nawa suka rage a garken nan? Ina ake kai auduga a auna, a kan jaki ko a ka? Yaushe aka fara ganin takin zamani da garmar shanu? Dattawan ƙasar Gombe da yawa za su danganta wannan da shirin noma na Bankin Duniya da aka fara a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Irin waɗannan tambayoyi ne ke buɗe baki, kuma daga amsar ɗaya ake samun tambaya uku.

Bayan haka bi ɗakunan ajiya da bayan rumbu. Tsohuwar galma, sungumi, magirbi, mangala, dutsen niƙa, akushi, mazari da abin kaɗi, takardun haraji da na jangali in gara ta bar su. A wanke abin wankewa, a shafa wa ƙarfe mai, a rataye su a zaure. Wanda har yanzu ake aiki da shi a bar shi a bakin aikinsa, ya fi daɗin gani a hannun mai shi.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada ka ƙara gishiri. In ba a san shekarar da aka kafa gonar ba, ka ce zamanin sarki wane ne, kamar yadda dattawa suka faɗa, ka tsaya nan. Kada ka laƙaba wa Yakubun Bauchi ko Buba Yero rijiyar da kakanka ya haƙa. A cikin baƙi akwai malaman tarihi, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da gaskiya goma.

Mataki na uku: ruwa

Nan ne ake gane ko aikin zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Auna rijiyarka a watan Afrilu, ba a Satumba ba. Kwashe ta da safe, ka ƙirga jarka nawa ta bayar, ka dawo da yamma ka ga inda ta komo. Abin da ta bayar a wannan lokaci shi ne ruwanka na gaskiya.

Yanzu lissafi. Baƙon birni, da wanka da alwala da banɗaki da wanke-wanken kwanukansa, ka ware masa aƙalla jarka uku masu lita 25 a rana. Baƙi takwas, lita 600 ke nan. Lambu ya fi su sha nesa ba kusa ba: a rani kowace murabba'in mita tana neman lita 5 zuwa 7 a rana, wato lambu mai faɗin mita 20 da tsawon mita 20 zai sha wajen lita 2,400 kullum. Ga shanu, ga awaki, ga mutanen gida. Wanda gonarsa ke kusa da fadama, ko gaɓar Gongola, ko ƙarƙashin madatsar Dadin Kowa ko ta Balanga, ya huta da rabin wahala. Amma a yankunan Dukku, Kwami, Akko da wasu sassan Alkaleri da Darazo ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai, ana iya haƙa burtsatse mai zurfi a tashi a tutar babu. A irin wurin nan kada ka ba mai injin haƙa ko sisi sai masanin ƙasa ya zo ya yi awo, kuma ka tambayi maƙwabta uku zurfin nasu da ko yana ƙafewa.

In ruwa ya samu, famfo mai aiki da hasken rana da tanki a sama sun fi janareto sauƙi in an daɗe ana amfani. A sa indararo a duk rufin kwano a tara ruwan sama. Ruwan wanka da na alwala kuma a yi masa hanya zuwa gindin ayaba ko gwanda. In ruwa bai samu ba, ba a fasa ba, amma sai a haƙura da kwanan baƙi a rani, a tsaya a ziyarar wuni da ta kaka.

Mataki na huɗu: abincin, wanda shi ne gundarin maganar

Mutane suna ɗauka hatsi ne zai yi wuya. Ba shi ba ne. Babban mutum yana cin wajen rabin kilo na hatsi a rana, kusan buhu biyu a shekara. Gida mai mutum goma, buhu ashirin. Baƙi takwas da ke zuwa kwana biyu a mako, na tsawon mako talatin, duka-duka ba su cinye buhu uku ba. Gonar da ke ciyar da gida ba za ta ji wannan ba. Abin da zai kai ka kasuwa a ɓoye da baƙar leda shi ne kayan miya, ƙwai, nono da nama. Dalili kuwa, lokacin da baƙi suka fi son fitowa, wato Nuwamba zuwa Fabrairu da sanyi ya sauka hanya ta bushe, shi ne lokacin da gonar damina ta zama kara da ƙura. Duk tsarin nomanka sai ya fuskanci wannan giɓi.

Fara da gonar damina, kuma kada ka sauya mata hali. Gero da dawa da wake a tsakani, gyaɗa a jigawa, masara inda taki ya fi yawa, shinkafa a fadama in akwai, acca ga mutanen Bogoro da Tafawa Balewa da Dass. Abin da zan ƙara shi ne juyi: inda aka yi dawa ko masara bana, baɗi a sa gyaɗa ko waken suya, don ƙasa ta huta kuma wuta-wuta ta ragu. Inda wuta-wuta ta riga ta yi ƙarfi, a nemi irin da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar, masu suna SAMMAZ na masara da SAMSORG na dawa da SAMPEA na wake, ta hannun malaman gona na jiha, a kuma tuge ta kafin ta yi fure. Amma ka ware ko kunya goma ga tsohon irin gidan, farfara ko kaura ko maiwar da aka gada. Ba ta kai sabon iri yawa ba, sai dai tuwonta da kununta su ne abin da baƙo ba zai samu a birni ba, kuma in ta ɓace daga hannunka ba inda za ka sayo ta.

Itatuwan cikin gona kuma dukiya ce, kada wani mai tarakta ya ce ka sare. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana amfanin gona rana, ga taki a gindinsa. Ɗorawa daddawa ce, kuka miya ce, kaɗanya man kaɗe, tsamiya kunu. Rabin tukunyar baƙonka a kan waɗannan take rataye.

Sai lambu. Sirrinsa kada a shuka komai rana ɗaya. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, don haka a yi fangali huɗu, ana shuka ɗaya duk mako ko mako biyu, kullum akwai na yanka. Haka latas, haka rama. Tumatir yana yin wajen wata guda a wurin reno, sannan wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe kafin a fara tsinka. Ke nan mai son tumatirinsa a tukunya a Disamba, tun Satumba zai zuba iri, sannan ya sake zubawa a Oktoba da Nuwamba. Tattasai da attaruhu sun fi shi jinkiri amma sun fi shi daɗewa suna bayarwa. Albasa wata uku zuwa huɗu, kuma ita tana ajiyuwa. Zogale a jera shi a matsayin shinge, ana sare kansa kada ya wuce inda hannu ke kaiwa. Mai neman dashen mangwaro, gwaiba ko lemo mai aure, Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya tana Dadin Kowa, can ne wurin tambaya.

Abin da ya yi yawa a shanya shi. Kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, yakuwa da zoɓorodo, ganyen kuka da aka shanya a inuwa don ya riƙe korensa. Gyaɗa a matse ta a sami mai da ƙuli-ƙuli. Gidan da ya cika tukwanensa da waɗannan a kaka, zai iya ciyar da baƙo har bazara bai sayi komai ba sai gishiri, sukari, kanwa da ganyen shayi. Waɗannan kuwa ka faɗa wa baƙo sayo su aka yi. Ranar da tumatir ya yanke, a yi miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa a ce yau abin da gona ta bayar ke nan. Ya fi a sayo a ce na lambu ne, yaron gida kuma ya tona.

Game da abin da za a dafa, kada a wahalar da kai da soyayyar shinkafa irin ta gidan biki. Masa da miyar taushe, ita da ake yi wa Bauchi kirari da ita, tuwon dawa, dambun zogale, ɗanwake, faten wake, gwaten acca, kunun gyaɗa da ƙosai da safe, fura da kindirmo da rana. Wanda ya zo a Satumba ya sami tumu da gasasshiyar masara, kuma ni a wurina wannan watan ya fi kowane daɗi a gona, ko da yake sauro ma ya san da haka.

Mataki na biyar: dabbobi

A taƙaice: kazar gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, zabuwa kuma sai da damina take yi. Don haka in ana son ƙwai kullum, a ƙara kajin gidan gona kamar ashirin a akurkinsu daban, za su ba da goma sha huɗu zuwa sha shida a rana in suna ƙoshi. A yi wa kaji rigakafin farin masassara kafin hunturu, awaki da tumaki kuma na annobarsu, yawancin alluran nan daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato suke fitowa kuma malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya san lokacinsu. Farar saniya bayan ɗan maraƙi ya sha ba ta wuce lita ɗaya zuwa biyu, da rani ma ƙasa da haka, sai an taimaka mata da harawa da dusa. In nono bai isa ba, ka ƙulla da rugar da ke kusa: su ci karan gonarka bayan girbi su bar maka taki, ka riƙa sayen nono a wurin matansu. Tsohon tsari ne, kuma yana sayo zaman lafiya da kuɗi ba ya saya. Kowane nono a tafasa shi kafin a ba baƙo ko a kwantar da kindirmo, saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari kuma take kama mutum, da tarin fuka.

Mataki na shida: rumbu

Tsohon rumbun ƙasa shi ne abin da baƙi za su fi ɗauka a hoto, amma ka gyara shi don a zuba hatsi, ba don hoto ba. Bayan an kwashe na bara, shiga ciki da fitila. Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa tun daga ƙasa: inda ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikinsa, sai a fasa wurin a cike da sabuwar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu tana ruɓa. Duba duwatsun da yake zaune a kai, a share duk ƙasar da ta taru har ta haɗa gindinsa da doron ƙasa, don ta nan gara da danshi ke hawa. A share cikin, a ƙona ɗan kara ya yi hayaƙi, a yaɓe tsaguwa, a sabunta jinka kafin ruwan farko. Gero da dawa a damensu suna daɗewa a irin wannan rumbu fiye da a buhu.

Wake da masara su ne ƙwari suka fi so. A zuba su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ake ɗaure kowacce daban, ko a jarka da durom masu rufuwa ruf. Iska ce ke ƙarewa ƙwarin su mutu, ba a sa magani. Kada fiya-fiya ta kusanci abin da mutum zai ci. Kafin a ɗaure a tabbata ya bushe: zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, ko kaji kada a ba.

Ranar da aka gama girbi a raba gida biyar kafin a taɓa ko mudu: zakka in ta kai nisabi, ɗaya bisa goma ga noman ruwan sama, ɗaya bisa ashirin ga na ban-ruwa, iri, abincin gida na shekara, na ko-ta-kwana, abin da ya saura shi ne na baƙi da kasuwa. Kada wannan jeri ya juya.

Ɓera kuma ba abin wasa ba ne. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi damu, kuma ta fitsari da kashin ɓera a abinci yake shiga. Duk abinci a rufe, a daina shanya a ƙasa ko a bakin titi, juji ya yi nesa da madafa.

Mataki na bakwai: banɗaki, sannan ɗaki

Matar da ta zo da 'ya'yanta za ta yafe maka katifa mai tauri, ba za ta yafe ƙazamin banɗaki ba, kuma ita ce mai cewa a dawo ko kada a dawo. A yi na maza daban na mata daban, da ƙofa mai sakata, da siminti mai gangara, da buta da sabulu, ɗaya aƙalla na zama saboda tsofaffi. Ramin ya yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya, kuma ta ɓangaren gangare. Da hunturu a kai ruwan zafi tun asuba ba sai an tambaya ba.

Ɗaki biyu sun isa farawa. Ginin ƙasa mai kauri ya fi bulo sanyi da rana, ya fi shi ɗumi da daren hunturu, kuma maginan gargajiya ba su ƙare ba. A ɗaga gindin da dutse, a yi taga biyu masu fuskantar juna da raga, a yi daɓe ko siminti, gado da gidan sauro, fitila da fanka da wurin cajin waya na sola. A nuna alƙibla, a ware wurin sallah mai tsabta. Kudancin Bauchi da na Gombe ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, baƙinka ma haka za su kasance, kowa a karɓe shi da fuska ɗaya.

Masaukin ya kasance da ƙofarsa daban, kada ya leƙa cikin gida. Matan gida ba abin kallo ba ne. Mata baƙi su shiga da sallama, maza su tsaya a zaure, hoto kuma sai da izinin wanda za a ɗauka. A nome ciyawa tas a kewayen ɗakuna, a kawar da tarin itace da duwatsu, a ba kowane baƙo tocila a ce masa kada ya fita da dare ba takalmi. Ƙasar nan ta kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin masu cizon maciji a Kaltungo ba, kuma cizon ya fi yawa lokacin shuka da girbi. Ka san asibiti mafi kusa da ke da maganin, ka san motar da za ta kai mutum ko da tsakar dare. In maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba ɗaurewa, ba tsotsa.

Mataki na takwas: kuɗi da kunya

Wannan ya fi haƙa rijiya wuya. An rene mu a kan baƙonka annabinka, karɓar kuɗin tuwo a hannun wanda ya kwana gidanka abin kunya ne. Ga dangi da abokai da za su ji labari su cika mota ranar Asabar. In ba ka yi dabara ba, shekara ɗaya za su cinye kajin da ragunan, ana ta yi maka Allah ya ƙara arziki.

Dabarar ita ce raba ƙofa. Baƙon zumunci ya sauka cikin gida kamar yadda aka saba, ya ci abin da aka ci. Masauki kuwa na sana'a ne, da farashinsa a rubuce a manne a zaure, kuma wani ne daban ke karɓar kuɗi, ba maigida ba. In kawu ya ce a buɗe masa ɗakin baƙi, amsar ba ta da wuya: “Kawu, gida gidanka ne, ɗakinka na ciki an share. Wancan na haɗakar magada ne, ni ma in na kwana sai na rubuta.” Ba mai jin haushin wannan sai wanda dama da niyya ya zo.

Wajen yanke farashi, ka yi wa duk abin da ya fito daga gonar kuɗi kamar a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ko Tudun Hatsi ta Gombe ka sayo shi, don da ba a ba baƙo ba da an sayar. Ƙara ladan masu aiki, sabulu da wanki, da wani kaso na gyaran jinka da batirin sola, sannan riba. Wuni da kuɗinsa, kwana da kuɗinsa, ɗaliban makaranta kowane kai. A karɓi kafin alƙalami ta banki kafin a yanka kaza. Littafin gona daban, na baƙi daban.

Kuma a biya mata. Surfe, niƙa, tuyar masa, dama fura, wanke-wanke, duk a kansu zai sauka. Kajin da awakin da za a yanka ma galibi nasu ne, haka daddawa da man gyaɗa. A saya a hannunsu da farashin kasuwa, a biya ladan girki a ranar. Gidan da aka mayar da aikin baƙi ƙarin bauta ga matan gida, ba a daɗewa miya ke fara tsami.

Mataki na tara: buɗewa

Kafin baƙo na farko, ka gaida dagaci da hakimi ka faɗa musu abin da kake shiri, ka sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da shugaban 'yan banga ko maharba. Yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, ka tambayi hukumar yawon buɗe ido ta jiha da duba-gari na ƙaramar hukuma abin da suke buƙata ga mai saukar da baƙi da sayar da abinci. In za ka riƙa ƙulla zuma ko man gyaɗa a kwalba da suna kana kai wa shaguna, wannan kuma sai da NAFDAC. Ajiye littafin da kowane baƙo zai rubuta suna da lambar waya a ga katin shaidarsa. Kada a karɓi wanda ya faɗo da dare ba sanarwa, kuma a faɗi dokokin gida tun a waya: ba giya, ba kiɗa bayan isha, mace da namiji a ɗaki ɗaya sai ma'aurata. In yankinku ana fama da masu satar mutane, kada ka kwanar da kowa, komai kuɗin da aka ba ka.

Shekarar farko ma ni zan ce a yi ta da ziyarar wuni kawai. Gayyato aji ɗaya na wata makaranta, ko iyali biyu da ka sani za su faɗa maka gaskiya. Su iso da hantsi a ba su kunu, a zagaya da su gona dattijon gidan yana gaba yana bayani. Sannan a ba su aiki na gaske: tsinkar kuɓewa, ɗiban ƙwai, jan guga, riƙe garma kunya ɗaya a bayan shanu, shiƙa ga 'yan mata. Yaro ya fi tuna abin da ya yi da hannunsa. Lauje da magirbi da bakin rijiya kuwa sai da babba a tsaye. A ci abinci a inuwa bayan azahar, a buɗe ɗan teburin sayar da kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli da zuma, a sallame su kafin la'asar ta yi sanyi saboda hanya. Bayan sun tafi, ka zauna da mutanen gida ka tambayi me ya ƙare, me ya rage, wa ya gaji. Talla kuma ba ta buƙatar allo a bakin titi: hotunan aikin gona na gaskiya a WhatsApp da Facebook, da bakin waɗanda suka zo, sun isa.

Ka kuma sa wa shekara ƙofa. Daga saukar ruwan shuka a Yuni har a gama maimai, a rufe karɓar baƙi ko a rage su zuwa rana ɗaya a mako, don a lokacin kowane hannu gona ke nemansa kuma shuka ba ta jiran kowa. Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, sai dai masu zuwa shan mangwaro da yamma. A buɗe sosai daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu, a duba kalanda a ga inda azumi da sallah suka faɗo a wannan shekarar, a sanar da ranakun tun wata guda kafin lokaci.